Kwalaben da Ke Gidan Marayu a Jibiya

Mun tashi da asuba daga Kankiya, ni da kawun marayun ɗan'uwana marigayi, bayan mun sallame salla. Da yawa daga cikinku kun tambayi dalilin da ya sa ba a zauna karatu a zaure ba ranar Lahadi, shi ya sa na ga ya dace in rubuta muku yadda tafiyar ta kasance.

Kun san lokacin da ƙanena ya rasu ya bar yara huɗu, kuma alƙali ya ɗora mini riƙon dukiyarsu. Na ji tsoron ajiye ta a banki saboda riba, na kuma ji tsoron ajiye ta a ɗaki ta narke. Sai aka ba ni shawarar in sayi gidan haya a Jibiya, kusa da barikin soja. Hujjar masu shawarar ita ce ɗakunan bariki ba sa isar masu iyali, soja kuwa albashinsa na wata ne, ba ya jiran kaka kafin ya biya haya. Na yi istihara, na sayi gida mai ciki da falo shida, da rijiya a tsakar gida. Shekara biyu ke nan daga hayarsa yaran suke ci, suke sutura.

Makon jiya wani bawan Allah, wanda ban taɓa kama shi da ƙarya ba, ya zo ya ce da idonsa ya ga ana sauke kwalaben giya daga kan babur ana shiga da su gidan, ana kai su ɗaki na uku. Tun da aka ƙaddamar da shari'a masu wannan sana'a suka watse daga cikin gari, wasu suka tsallaka iyaka, wasu suka raɓu da kasuwar bariki inda hannun hisba ba ya kaiwa, don haka maganar ba ta yi mini nisa da hankali ba. Idan ta tabbata, ni ne na ciyar da marayu haram da hannuna. Abinci ya daina yi mini daɗi. Na rubuta takardar tashi da sunan mai ɗaki na uku, matar wani kofur, na ninke ta na sa a aljihu.

Motar da muka samu tsohuwar Fijo ce, an cusa mu huɗu a baya. Daga Charanchi zuwa Katsina hanya lafiya lau. A tashar Jibiya da ke Katsina muka karya da koko da ƙosai, ni dai kurɓa biyu na yi na ajiye. Daga nan ne tafiya ta zama tsaye-tsaye: shingen 'yan sanda, na kwastan, na jami'an shige da fice, har na bar lissafi. Ko'ina aka leƙo aka ga rawani da furfura sai a ce, "Allah gafarta Malam, a sa mu a addu'a." Direba ya ce da zan riƙa bin sa kullum da ya ɗauke mini kuɗin mota.

Bayan Daddara gero ya yi kai, gonaki kore shar har iyakar gani. Babura kuwa sai wucewa suke, kowane an ɗaure masa jarkoki har ba a ganin mai tuƙin. Manyan motoci maƙare da masara sun yi layi suna jiran tsallakawa Maraɗi. A bakin kasuwa na ji ana ciniki da naira da sefa a lokaci guda, na kuma lura gero ya fi na wajenmu sauƙi, amma ruwan sha ya fi tsada.

Muka isa gidan da hantsi. Tun daga zaure na tsaya, domin ga su nan jingine da bango: kwalabe cikin buhuna, masu dogon wuya da masu faɗin ƙirji, wasu da takardunsu a manne. Abokin tafiyata ya dube ni, ya yi salati a hankali. Na yi sallama sau uku, aka yi mana izini.

Abin da ya fara tarbata ƙamshin gyaɗa ne. A tsakar gida wata mata ce zaune gaban babban kasko cike da yashi mai zafi, tana juya gyaɗa a ciki. Gefen rijiya mata biyu suna wanke kwalabe da toka da ruwan zafi, suna zura tsumma a kan tsinke suna gogewa, sannan su kife su a kan tabarma rana ta busar. Can ƙarƙashin rumfa an jera waɗanda aka cika da soyayyar gyaɗa aka toshe.

Matar ta miƙe ta rusuna. Ita ce mai ɗaki na uku, ana kiranta Maman Iliya. Kirista ce, asalinta daga ƙauyukan Mazanya, Hausarta kuwa ta fi tawa tsantsa.

"Sannu da zuwa, Baba Malam. Yau mai gida da kansa? Da an aiko da na share muku wuri."

Na amsa gaisuwa, sannan na tambaye ta kai tsaye, domin ban ga amfanin kewaye-kewaye ba. Na ce an gaya mini ana shigo da giya gidan nan.

Ta riƙe haɓa, sannan ta yi dariya har ta dafa gwiwa. "Giya, Baba? Wanda ya gaya maka da ya ɗaga guda ɗaya ya ji nauyinta. Wofi nike sayo su a kasuwar bariki. Mutanen Maraɗi ba su son gyaɗa a leda, sanyi take yi. A kwalba kuwa sai ta yi wata tana ƙaras-ƙaras."

Ɗaya daga cikin masu wankin ta ce, "Wannan da ko warin abin ta ji sai ta yi amai!"

Maman Iliya ta ce, "Uwata ta dafa burkutu, na san shi sarai. Ranar da muka shiga coci Babanmu ya fasa tukwanen duka. Wata bakwai ke nan da aka tura maigidana aiki wata ƙasa. Da gyaɗar nan nike riƙe da yara, da ita nike kai muku haya."

Ban tsaya a kan maganarta kaɗai ba, domin amanar ba tawa ba ce. Na ɗauki kwalba daga cikin buhu na jijjiga, babu komai. Na ɗauki wankakkiya na shinshina, na ɗaga ta ga rana. Na zaga bayan ɗakuna, na tambayi sauran 'yan haya, na je na tambayi limamin masallacin unguwa, wanda ya ce shi ma a wurinta iyalinsa suke saye. Hukuncin kuwa a fili yake ga duk wanda ya yi karatun tsarki: tukunyar ƙasa tana shan abin da aka zuba mata, najasa ta ratsa jikinta, amma gilashi sulɓi gare shi, in an wanke ya tsarkaka. Iyakar sanina ke nan, Allah ne mafi sani. Mahaifinta da ya fasa tukwane ya yi daidai, ita ma da take wanke kwalabe ta yi daidai.

Na zauna a kan turmi, na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Sai kuma kunya ta biyo baya, da na tuna abin da ke aljihuna. Da na aiko da takardar nan ta hannun wani, kamar yadda na so yi da farko, da na fitar da mace da 'ya'yanta titi mijinta ba ya ƙasar, a kan buhun kwalabe wofi. Na zaro ta na cusa a wutar da ke ƙarƙashin kaskon.

"Mene ne wannan, Baba?"

Na ce, "Ƙarin makamashi ne. Ci gaba da suyarki."

Abu ɗaya na roƙe ta: a riƙa kankare takardun kwalaben tun a can, a rufe buhun da kyau kafin a shigo unguwa, don a tsare idon mutane da harsunansu. Ta ce an gama. Ta kawo mana fura da nono mai sanyi, na sha har na nemi ƙari, abokin tafiyata yana mamaki. Da za mu tafi ta ba ni kwalba guda cike da gyaɗa, ta ce a kai wa yara.

A tashar Katsina, muna jiran mota ta cika, na lura wani dattijo yana ta kallon jakata. Ashe wuyan kwalbar ne ya leƙo. Ya dubi rawanina, ya dubi kwalbar, ya girgiza kai yana istigfari, ya juya zai tafi. Na bi shi da sauri, na buɗe jakar, na zuba masa gyaɗa a tafin hannu. Ya tauna, ya ce, "Malam, ka yafe mini." Na ce ni ma yau aka yafe mini irinta.

Mun iso gida bayan la'asar. Ga masu niyyar sa dukiya a gidan haya kusa da bariki, ina cewa alheri ne, amma ba a riƙe shi daga nesa. Ka san masu zama a ciki, ka rubuta sharaɗinka tun farko, ka tuna sau da yawa mijin yana bakin aiki, matar ce ke ɗauke da gidan. In labari ya zo maka, ko daga mai gaskiya ne, ka taka da ƙafarka kafin ka ɗauki alƙalami. Wanda ya kawo mini labari bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa. Ni ne na yanke hukunci tun ban je ba.

Marayun suka zagaye ni a tsakar gida, na juye musu gyaɗar a faranti. Na zauna ina kallonsu suna ci, kuma a karon farko cikin mako guda na miƙa hannu na ci tare da su. Alhamdu lillahi.