Almu Ya Tafi Ya Bar Mini Rigimar Tabanja

Kai mai karatu, ga tawa ka kwance. Mene ne dutsen niƙa ya niƙa, ba dawa ba, ba gero ba, ba a tuƙa shi ba, ba a dama shi ba, amma gida biyu suna raye albarkacinsa shekara goma sha shida? In ka kasa ka ba ni gari. Amma ban da Wad Madani, don can aka karɓe mini ƙanena.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, biyar ga Nuwamba, 1974, cikin watan ƙaramar Sallah, Allah Ya karɓi ran Almu ɗan Malam Salihu a asibitin Madani, bayan jinyar kwana tara. Aka kawo shi a lori, aka binne shi a nan ƙauyenmu Hillar Mato, kudu da garin Hajj Abdalla, kusa da mahaifiyarmu. Ni Maijidda da na goye shi yana jinjiri, ni aka bari ina amsa gaisuwa. Almu, ni ce babba. Kai ya kamata ka zauna a tabarmar nan ana yi maka gaisuwata, amma tun kana yaro ba ka iya jiran kowa ba.

Na so in yi kukana a natse kamar kowace 'yar'uwa, ba a bar ni ba. Ko tabarmin makoki ba a naɗe ba, ɗanka Jibirin ya buɗe akwatinka na soja ya ɗauko tabanjar nan, 'yar bindigarka ta hannu. Wai ranar Asabar zai kai ta Madani a gyara. Kuma duk ƙauyen nan an san wata biyu ke nan yana rigimar ruwa da Garba, wanda hawasharsa, wato gonarsa ta auduga, ke manne da tasa. Na ce, "Jibirin, mayar da ita." Ya ce, "Gwaggo, mutuncin Baba ne. An daɗe ana yi masa dariya a kanta." Na dube shi, sai na ga idonka, na ga jijiyar nan ta goshinka. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Tabanjar nan ka dawo da ita daga yaƙin Taliyani, can duwatsun Karan. Ka ce daga hannun wani hafsa ka ƙwace ta. Abokin tafiyarka Abdussalami kuwa ya ce alfadarai kuka yi ta ja har aka gama yaƙin, kuma bargo da gwangwanin shayi ka bayar aka ba ka ita. Allah ne masani, amma na san wanda na fi yarda da shi. Harsashi bakwai take ci ta ƙasan mariƙi. Ka ja bayanta sau ɗaya, sauran ita ke ɗora wa kanta, tana tofar da kwanso gefe. Wannan bayani na ji shi ya fi sau dubu. Baƙo bai isa ya kurɓi jabana, gahawar nan tamu, a gidanka ba sai ya saurare shi.

Kowace Juma'a da hantsi sai ka kwance ta gunduwa-gunduwa, ka jiƙa a kananzir, a tasata, tasar da nake kwaɓa kisra, wainarmu ta dawa! Ka hau jaki ka tafi masallacin Hajj Abdalla, sai la'asar ka dawo ka goge ka haɗa. Wata rana ina faɗan tasa, ka ɗago wani ɗan tsinken ƙarfe ka ce, "Yaya, kin ga allurar nan? Bakinta ne ke saran harsashi. In babu shi, ƙarfe ne kawai." Na ce to, na gani.

A gindin bishiyar nim kuwa, inda kuke zama bayan la'asar, ba a taɓa gama musunta ba. Abdussalami, da ya yi aikin ɗan sanda bayan yaƙi, cewa yake irin taka 'yan gayu ne, ƙura kaɗan sai su shaƙe, mai juyi mai harsashi shida ita ce ta maza, ko a laka ka jefa ta za ta tashi. Kai kuma ka ce, "Ya zol, kai mutumina, kafin taka ta juyo tawa ta gama magana." Mu muna cikin gida muna jin ku, girki na ƙonewa don dariya. Gaskiya dai a lokacin tana tashi. Kowane biki sai ka saki ɗaya sama, kaji su watse, mata su yi guɗa.

Sai kakar 1958. Ranar Alhamis ka je hawasha ka tarar audugarka ta yi yaushi. Ranar ruwanka ce, amma Sodangi, maƙwabcin hawasharka, ya fasa kunyar da ke tare ruwa ya karkatar da ruwan zuwa tasa, mai gadin ruwa kuma ya ce bai gani ba. Ka dawo ka ƙi abinci. Ka ce Asabar in kun haɗu a bakin tur'a, magudanar da ke shayar da gonaki, ɗaya ne zai koma gida. Na roƙe ka da Allah, na roƙe ka da nonon da muka sha, ka ce in koma wurin murhuna. Na koma. Ranar Juma'a ka jiƙa ta kamar kullum, ka tafi masallaci, ka yi salla da wannan niyya a ƙirjinka. Allah Ya yafe maka.

Asabar da safe na bi ka da gudu, mayafi a hannu. Na iso ka riga ka saita ƙirjin Sodangi, shi yana tsaye cikin ruwa da fartanya. Ka danna. Ƙyat. Ka ja bayanta, harsashi ya faɗo laka lafiyayye, ka sake dannawa. Ƙyat. Sau uku. Sodangi ya zauna daɓas cikin ruwa ya ce, "Almu, ashe da gaske kake?" Kai ma ka zauna a kan kunya, ka rufe fuska da hula. Dattawa suka shiga tsakani. Shekara shida bayan haka Jibirin ya auri Sakinatu ɗiyar Sodangi. Jikoki biyar ga su nan, kullum suna sace mini dabino.

Tun daga ranar ba ta ƙara tashi ba. Na ce shi ke nan, kunnena zai huta. Ina! Ranar bikin Jibirin ka fito da ita gaban jama'a, ka ɗaga sama, mata sun riga sun kama hanci za su yi guɗa. Ƙyat. Guɗar ta maƙale, wata tsohuwa ta ce a kawo maka ashana. Ka ce damina ce ta jiƙa harsashin. Shekara ta zagayo ka ce harsashin ne ya tsufa. Ta uku ka ce bakin mutane ne. Sodangi da kansa yakan ce, "Surukina, ara mini ita in fasa gyaɗa." Duk da haka duk wanda ya tambaye ka yadda take, amsarka ɗaya ce: "Ba ta taɓa ba ni kunya ba." Abdussalami ya ce akwai mai gyara a Madani, rabin yini ya isa. Ka ce ba wanda zai taɓa maka ita. Kana shiga Madani sau uku a shekara, ba ka taɓa ɗaukarta ba. Ni kuwa ina ta ce maka mai taurin kai.

Ba wannan kaɗai ne kai ba, kada masu karatu su ɗauka ƙarfe kawai ka bari. Da mijina ya rasu a Rusairis, kai ka zo ka kwaso ni da 'ya'ya huɗu, ka gina mini ɗaki da hannunka, ba ka taɓa bambanta tuwon 'ya'yana da na naka ba. Mutanenmu masu zuwa daga yamma a ƙafa za su Makka, zaurenka ne masaukinsu, wani ya kwana biyu, wani ya shekara yana tsinkar auduga. Shekarar da Sodangi ya kwanta ciwon baya, kai ka shayar da hawasharsa kafin taka. Shi ya riƙe makararka ta gaba, da tsufansa, ya ƙi a karɓe shi.

A asibiti, kwana biyu kafin cikawarka, na kawo maka kunu. Ka kurɓa, ka ce, "Yaya, dutsen niƙanki yana nan?" Na ce yana nan. Ka ce, "Yana da ci." Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Da ya lafa ka kama hannuna ka ce, "Kada ki bar yaron nan ya kai ta gyara." Almu, wallahi da ba a gadon asibiti kake ba da na ja kunnenka. Shekara goma sha shida ina ɓoye abu a cikina, ina tsoron ranar da za ka gane, ashe kai kana kallona kana shan jabanarka!

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya shafe safiyar Asabar ɗin nan daga littafinka, Ya rubuta maka shekarun da suka biyo ta. Allah Ya haɗa ka da iyayenmu a gidan rahama. Ina yi wa matarka Hannatu ta'aziyya, da 'ya'yanka da jikokinka, da Sodangi da Abdussalami da ba su da abokin musu yanzu. Albarka ta tabbata a kan waɗanda ka bari.

Jibirin, kai kuma ka ji wasiyyar ubanka, ba tawa ba. Mutuncinsa ba ya Madani. Ka dubi matarka, ka tambayi kanka marainiyar wa za ta kasance da tabanjar ta tashi a kan Sodangi, da kuma inda ubanka zai ƙare. Ranar Asabar ka je wurin Garba da dattawa biyu, ita kuma ka mayar da ita akwati.

Abin da dutsen ya niƙa kuwa, bakin allurar tabanjar Almu ne. Ni na tsamo ta daga kananzir ranar Juma'ar nan yana masallaci, na goge bakin a dutsena, na mayar da ita tasa. Ya gani, ya sani, kuma bai taɓa kai ta gyara ba.