Katunan bangon Yaya Sani

Yaya Sani, kana ji na? Ni ce Talatu, ƙanwarka. Ina cikin shago a unguwar Fordham, nan Amurka, ina zaɓar tattasai 'yarka Hauwa ta kira, ta ce "Goggo, Baba ya tafi." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tattasan ma a hannuna na fito da shi.

Jama'a, yayana ba mai surutu ba ne. Shi dai katunansa. Katin hoto irin na gidan waya, na ƙananan garuruwan tsakiyar Amurka inda ya yi jami'a tun yana saurayi. Ya cika bangon falonsa na unguwar Parkchester da su. Titi ɗaya, tankin ruwa, gonar masara har ƙarshen ido. In na ce Yaya, wannan tarkacen fa? Sai ya ce "Talatu, kalli sararin nan, ba kamar hanyar garinmu ba?" Duk wanda ya shigo sai ya sha shayi, sai an zagaya da shi bango.

Akwai guda ɗaya, na uku daga ƙofa. Kullum zai fita masallaci sai ya dafa shi ya ce "Aminu na nan." Aminu ɗansa na fari ne, kwana tara ya yi a duniya, a garin da ke jikin katin aka binne shi. Uwar ta riga mu gidan gaskiya tuntuni. Ban taɓa tambayar sunan garin ba, kunya nake ji, kada in tada masa da hankali.

Yaya, ka yafe mini. Ranar zaman makoki maza za su yi sallah a falo, aka ce a sauke hotuna. Ni na sauke da hannuna, na zuba duka a jaka ɗaya. Ban duba ba wallahi. Yanzu Hauwa ta ce tana so ta je kabarin wanta ta yi masa addu'a, in nuna mata katin. Tun safe na baza su a kan kafet. Kowanne da sunan garinsa, kowanne da tankin ruwa. Na ɗauki wannan na ajiye, na ɗauki wancan.

Allah Ya jiƙanka Yaya, Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa ka da Aminu tunda kai ka san inda yake. Allah Ya ba Hauwa haƙuri, Ya ba ni abin da zan ce mata.

Ana buga ƙofa. Ita ce. Ina zuwa Hauwa, bari in…