Birgediyan da Baba Ya Samu a Baranda

Baba ya zo Kuala Lumpur ne don a yi masa aikin ido, ya kuma ga jikarsa da bai taɓa ɗauka ba. Niyyarsa 'yan makonni. An yi aikin lafiya, har mun fara maganar tsaraba, sai korona ta sa aka rufe ƙasar. Jirage suka tsaya, aka ce kowa ya zauna a gida. Haka muka wayi gari a ɗan gidanmu na haya a unguwar Wangsa Maju, can saman bene: ni, matata, jaririya, da tsohon sojan da tun tasowata ban taɓa yin hirar da ta wuce gaisuwa da shi ba.

Da igiya uku Baba ya bar soja, saje ne. A bariki muka tashi, a Kaduna. Ina ƙarami aka tura su Laberiya, ya dawo a rame, shirunsa ya ƙaru. Innarmu ta ja mana kunne kada wanda ya tambaye shi komai, mu ma muka saba. Abu ɗaya na san yana so a duniya: ya ga anini a kafaɗata. Na nemi makarantar hafsoshi, na ci jarrabawa, likita ya saurari ƙirjina ya ce ba zan iya ba. Da na dawo na faɗa wa Baba, "To" kawai ya ce, ya ci gaba da sauraron rediyonsa. Daga nan na kama karatun injiniya, har gwamnati ta turo ni digiri na uku a kan yadda tsatsa ke cin rodi a cikin kankaren gada.

Barandarmu manne take da ta maƙwabta, gilashi ne kawai a tsakani, tsayinsa iya ƙirji. Na daɗe a gidan amma abin da na sani game da maƙwabcin bai wuce cewa tsohon Bature ne dogo, mai gajeren wando, da ke riƙe wa mutane ƙofar lif ba. Matarsa 'yar ƙasar ce, 'yar Malay mai fara'a.

Baba kuwa kullum da safe sai ya fitar da takalmansa baranda ya goge su, alhali ba inda za a je. Wata safiya ina falo ina fama da kwamfuta, sai na ji muryar Baturen da Turanci yana cewa wannan irin gugar ba ta farar hula ba ce, a ina aka yi aiki? Baba ya ba shi amsa a taƙaice. Sai na ji Hausa, a karye amma Hausa ce:

"Sannu da aiki, Saje."

Na leƙa. Baba ya miƙe ya ƙame, burushin yana hannunsa na hagu, kamar an mayar da shi filin fareti.

Ashe mutumin birgediya ne mai ritaya na sojan Ingila. Tun daga ranar, abincin darenmu ya koma darasin rayuwarsa. Baba, wanda na sani yana cin tuwo ba ya ɗaga kai, shi ne yanzu ke ajiye loma ya ba da labari. Ya ce Birgediya ya shiga soja yana ɗan saurayi, aka turo shi dajin Borneo yana laftanan, da sojojin Gurka a ƙarƙashinsa, ya koyi yarensu kafin ya koyi ba da umarni. Ya yi Hong Kong yana kyaftin, ya yi Jamus, ya yi Ireland ta Arewa inda ya ce a can ne ya fi jin tsoro, don ba ka sanin wace taga ce ke kallonka. Yana manjo aka kawo shi Najeriya ya koyar da hafsoshinmu a wata kwaleji kusa da Kaduna, a lokacin da Baba yake kofur yana tuƙa mota a barikin. Sun yi ta lissafi ko sun taɓa haɗuwa, ba su gano ba. Daga baya ya riƙe bataliya, sannan aka zaunar da shi a ofis a Landan, aikin da ya ce ya fi daji wahala. Da ya ajiye kaki sai ya biyo matarsa nan, kusa da 'yan uwanta.

Baba yana jero muƙaman nan a hankali, yana taɓa kafaɗarsa da yatsa a kan kowanne: laftanan, kyaftin, manjo, kanar. Fuskarsa tana haske. Ni kuma ina zaune a gabansa, ina jin kowane muƙami yana sauka a kaina. Irin wannan jerin ya so ya riƙa yi a majalisarsu ta bakin masallaci, da sunana a ƙarshe.

Matata ba ta ga komai a ciki ba. Ita murna take yi Baba ya sami abokin hira, ya daina tsayawa a taga yana kallon jirgin ƙasa yana wucewa ba kowa a ciki. Da na ce mata hirar ta yi yawa, tsofaffi ne, ga cuta tana yawo, sai ta ce min kowa na gefensa, ga gilashi, ga iska. Ta ƙara da cewa, "Kai ma ai kana iya fita ka zauna da su."

Na gwada sau ɗaya. Na ɗauki kujera na fita bayan la'asar. Birgediya ya gaishe ni da mutunci, ya tambayi jaririya. Amma hirar ta mutu nan take. Baba ya koma Baban da na sani, yana kallon duwatsun da ke bayan unguwar. Da na tashi na shiga ciki, ban kai ga zama ba na ji dariyarsu ta dawo.

Azumi ya same mu a kulle. A nan Baba ya gano cewa Birgediya ya musulunta tun lokacin aurensa, kuma yana azumi duk da shekarunsa. Wannan ya ƙarasa komai. Kwanuka suka fara tsallaka gilashi kafin magariba: matar Birgediya ta miƙo fate-faten shinkafa irin nasu mai kayan ƙamshi, matata ta miƙa ƙosai da kunun gyaɗa. Ni ne ɗan aike idan ana son wani abu daga waje, tunda mutum ɗaya ake bari ya fita daga kowane gida. Sai in sa takunkumi in je shagon abincin da ke ƙasan titi, irin wanda suke kira mamak, a ɗaure min roti, wata gurasarsu ta fulawa, in taho da shi, har da na Birgediya, saboda Baba ya ce bai kamata babban mutum ya tsaya a layi ba. Wata rana na tarar da Baba yana gyara masa karatun wata gajeriyar sura, yana maimaita masa aya ɗaya cikin haƙuri, yana ce masa ya kusa. Ban taɓa jin wannan muryar ba. Mu Islamiyya aka tura mu, idan mun dawo kuma ba ya tambaya.

Abin da ya fi tsaya min ya faru ne wata rana da aka yi ruwan yamma. Na gama magana da malamina ta kwamfuta, na cire abin kunne, ƙofar baranda a ɗan buɗe. Baba ne ke magana, a hankali, da Turancinsa na bariki. Yana ba da labarin wani yaronsa a Laberiya, kurtu, ɗan wajen Bauci, da ya sauka rafi ɗibar ruwa a gindin wata gada aka harbe shi daga ɗaya gaɓar. Baba ya ce shi ya sauka ya goyo shi, kuma tun suna hanya ya ji nauyin ya canza a bayansa, amma bai sauke shi ba sai da ya kai sansani. Ya ce shi ne ya aike shi ɗibar ruwan. Ya ce da suka dawo gida ya je har ƙauyensu, uwar ta shimfiɗa masa tabarma ta kawo masa fura, ya kasa sha.

Birgediya bai ce masa ya yi haƙuri ba. Ya faɗi nasa: wata motar yaransa da ya ba umarni ta wuce gaba a wata hanya a Ireland, tasa tana biye, ta taka nakiya. Ruwa ya ci gaba da zuba.

Ina zaune a falo, tausayin Baba ya kama ni, amma akwai wani abu da ya fi tausayin zafi. Na girma a gida ɗaya da wannan labarin, yana kwana a ɗakin da ke kusa da nawa, ba a ba ni ba. Ga wani ya same shi cikin 'yan makonni, ta saman gilashi.

Washegari bayan sahur na tambaye shi. Na ce, "Baba, jiya na ji maganar yaron nan na rafi. Me ya sa ba ka taɓa faɗa mana ba?"

Ya dube ni da idon da aka yi wa aiki, wanda yanzu yake gani tar. Ya ce, "Shi ba sai na yi masa bayani ba."

Ya tashi ya tafi alwala.

Bayan haka na fara neman inda zan kama Birgediya. Da buɗa-baki na kawo maganar mulkin mallaka. Na ce irinsu ne suka zo suka raba mu, suka kwashi kakanninmu zuwa yaƙin da ba nasu ba, suka sallame su da lambar ƙarfe. Na ce da Baba farar fata ne, da irin aikin da ya yi, da ba da igiya uku zai ƙare ba. Har yau ina ganin akwai gaskiya a abin da na faɗa. Baba ya bar ni na kai ƙarshe, sannan ya ce wa matata, "'Yata, miƙo min ruwa." Ya sha. Ya ce min, "Ni ban ce maka waliyyi ne ba. Na yi aiki a ƙarƙashin hafsoshi iri-iri, baƙaƙe, 'yan garinmu ma. Na san wanda zai ci abinci kafin yaransa su ci, na san wanda zai jira. Wannan mai jira ne."

Da aka samu jirgin kwashe 'yan Najeriya, Baba ya shiga cikin masu tafiya. Da safen da za mu fita, muna fitar da jaka sai ga Birgediya a bakin ƙofarsa, cikin kwat, lambobinsa a jere a ƙirji, takunkumi a fuska. Ba a musabaha a lokacin. Baba ya ajiye ledarsa ya sara masa, shi ma ya sara, suka tsaya a haka har lif ya zo ya koma. Sannan Birgediya ya miƙa masa gajeriyar sandarsa ta hafsa. Baba ya riƙe ta a kan cinyarsa har filin jirgi. A bakin inda ake tsayar da masu rakiya ya sa mana albarka, ya ce in kula da iyali. Har ya juya sai ya dawo.

"Ka riƙa duba Birgediya. Ɗaukar robar ruwan shan nan ta fi ƙarfin matarsa."

Na duba shi ɗin. Nakan hau musu da ruwa, in karɓo musu magani. Baba kuma idan ya kira, mu gaisa, ya tambayi jikarsa, sai ya ce, "Yana nan?" Sai in fita baranda in ɗaga wayar ta saman gilashi, in tsaya hannuna yana sagewa, su kuma suna hirar yadda ake ɗaure jaka don kada ta ci kafaɗa.

Wata rana ina shanya, Birgediya ya tambaye ni ko na gano abin da ya sa rodin da ke gefen gada ya fi saurin tsatsa fiye da na tsakiya. Na tambaye shi inda ya ji wannan. Ya ce Baba ne ya yi masa bayanin aikina, har da gwajin ruwan gishiri, ya ce ya yi ta maimaita masa. Na yi godiya na shiga ciki. Da na gaya wa matata, ta ce to ai ka ji, yana alfahari da kai. Na ce mata na ji. Amma wannan ɗin ma can ya kai shi, bai kawo min ba.

A shekara ta gaba, bayan an yi wa Birgediya da matarsa rigakafi, suka yanke shawarar komawa garin Ipoh wajen ƙanwar matar. Na shiga taya su ɗaure kaya, karo na farko da na taka falonsu. A cikin hotunan da ake cirewa daga bango akwai wani na Kaduna: hafsoshi a zaune, shi a tsakiya da baƙin gashi, direbobi da masu hidima a tsaye a baya. Na bi fuskokin na baya ɗaya bayan ɗaya. Babu Baba. Sai na ji wani sanyi a raina.

Birgediya ya ce in ɗauki hoton da waya in tura wa Baba. Na tura, na sauka ƙasa kai wa masu mota akwati. Kafin in hawo saƙon murya ya shigo, dogo, irin wanda Baba bai taɓa aiko min ba. Ya fara da cewa, "Ka kunna wa Birgediya." Na zauna a kan matakalar bene na kunna wa kaina tukuna. Yana kiran mutanen baya ɗaya-ɗaya: wannan ya rasu, wannan yana sayar da taya a Zariya, wannan shi ya koya masa ribas da tirela, ya yi dariya har da tari. Na saurara har ƙarshe, sannan na miƙe na hau na kai wa mai shi.