Jitar Baba da Yatsun Ƙanena

Shekarar da zaman ƙauye ya gagara, muka tattaro daga Kutemeshi muka dawo cikin Birnin Gwari, gida ɗaya muka cunkushe: ni da matata da yara, Baba da Inna, sai ƙanena da ya dawo daga Kaduna bayan shagon gyaran wayar da yake aiki ya rufe. Gonakinmu suna can bakin daji, ba mai iya leƙa su. Haka muka zama maza uku a zaure, ba aikin fari ba na baƙi, kullum kunnenmu yana waje muna jiran labarin wanda aka tare a hanya.

Jita ɗaya ce a gidan, ta katako, tsohuwa, cikinta ya ɗan tsage an liƙe. Ta Baba ce. Tun yana saurayi ya koya a wurin amininsa, wani manomi ɗan Gbagyi daga Gayam, wanda ke kaɗawa a cocinsu. A kasuwar Tsohon Birnin Gwari suka haɗu, kuma bambancin addini bai taɓa shiga tsakaninsu ba. Baba yana kaɗa jita ne kamar mai kaɗa molo, da babban yatsa da manuni, a hankali, yana barin kowane amo ya mutu kafin ya tayar da wani. Waƙoƙin da ya iya ba su da yawa.

Ƙanena kuwa a waya ya koya. Ya kalli bidiyo har idonsa ya yi ja, ya yi ta maimaitawa har kan yatsunsa suka yi kanta. In ya riƙe jitar, hannunsa na hagu hawa da sauka yake a wuyanta kamar ƙadangare a bango. Gaskiya ya iya. Samarin unguwa har tsayawa suke a ƙofar zaure.

Baba bai taɓa yabawa ba. Cewa yake wannan ba kiɗa ba ne, keken ɗinki ne, ka ji ƙara ka tashi ba abin da ya taɓa maka zuciya. Ƙanena yakan yi shiru a gabansa, amma da Baba ya shiga ciki sai ya juyo wurina ya ce duk wanda hannunsa bai kai ba, zuciya yake fakewa da ita. Ni ban iya kiɗa ba, sai na zama wurin da kowa ke sauke ƙorafinsa. Da farko abin dariya yake ba ni. Amma gidan ya yi mana kaɗan, abinci ya ja baya, kowa a wuya yake, sai musun jita ya zama hanyar da suke faɗa wa juna abin da ba sa iya faɗa kai tsaye. Baba yana jin haushin ɗansa bai san riƙon fartanya ba. Ɗan kuma yana jin haushin Baba ya ƙi barin ƙauye sai da aka kusa rasa rai.

Ana cikin haka, wata safiya wani mai babur ya tsaya a ƙofar gida ya ce 'yan bindiga sun ɗauke aminin Baba. Ya saci jiki ne ya je duba masararsa, tun daga nan ba a sake ganinsa ba, sai takalminsa ɗaya a kan kunya.

Baba ya daina zuwa hira a bakin masallaci, tuwo ma sai Inna ta tsaya a kansa. Kullum bayan la'asar sai ya ɗauko jitar ya kaɗa waƙa guda, wadda aminin ya fara koya masa, ya kai ƙarshe ya sake komawa farko. Akwai wani wuri a tsakiyarta da yatsunsa ke sarƙewa, kullum a nan yake tuntuɓe. Ina ganin ƙanena yana cije leɓe duk sanda aka zo wurin.

Wata rana Baba ya fita jana'iza, ƙanena ya ɗauki jitar ya ce tsirkiyoyin duk sun saki, shi ya sa kiɗan ke fita a karkace. Ya kunna wani abu a wayarsa mai nuna daidai amon kowace tsirkiya, ya murɗa su ɗaya bayan ɗaya har suka hau yadda ake so. Da niyyar alheri ya yi, na shaida. Da Baba ya dawo ya taɓa tsirkiya ta uku, sai ya tsaya cak. Ya tambayi wanda ya taɓa masa kaya.

Ƙanena ya ce shi ne, gyarawa ya yi.

Baba ya ce, "Aminina da hannunsa ya ɗaure mini ita haka, ranar da ya zo mana sallama kafin mu taso. Kai wa ya aike ka?"

Maimakon ya ba da haƙuri, sai ƙanena ya ce ai ɗaurin ba daidai ba ne, ko wa ya yi shi. Baba ya miƙe tsaye, hannunsa ya ɗaga. Na shiga tsakani. Ban taɓa ganin Baba ya ɗaga wa ɗansa baligi hannu ba, kuma ina jin shi kansa ya tsorata, don ya sauke hannun ya dube shi kamar na wani. Daga ranar suka daina magana. In ɗaya ya shigo zaure, ɗayan ya fita. Baba ya yi ta ƙoƙarin mayar da tsirkiyar yadda take da kunne, bai taɓa gamsuwa ya samu ba.

Damina ta kusa fita aka sako aminin. 'Yan sa-kai suka tsince shi a bakin daji, aka kawo shi gidan 'yarsa a cikin gari. Da muka ji, Baba ya rataya jitar ya fita ba tare da ya ce a biyo shi ba. Na bi shi, ƙanena ma ya biyo mu daga nesa.

A kan tabarma muka same shi ƙarƙashin rumfa, ƙafafunsa a kumbure, wuyan hannunsa duk shatar igiya. 'Yar ta raɗa mana cewa tun da aka kawo shi bai haɗa kalma biyu ba. Baba ya zauna kusa da shi. Can ya ɗora jitar a cinya ya fara waƙar. Da ya zo wurin da ya saba tuntuɓe sai ya tsaya, ya sake farowa, ya sake tsayawa. Zufa ta karyo masa. Ƙanena ya durƙusa a gabansa ya miƙa hannu biyu. Na ɗauka Baba zai ture shi, amma sai ya sakar masa.

Ashe duk kwanakin nan yaron ya haddace waƙar. Ya kaɗa ta tas, ya wuce wurin nan mai wuya kamar ba komai. Bai kai ƙarshe ba aminin Baba ya ɗaga hannu.

"Ku bari," in ji shi. "A can ma kiɗa suke kunnawa a waya, tun safe har yamma. Ko ana dukan mutum ba sa kashewa. Ku bar ni in ji shiru."

'Yar ta kawo ruwa ba wanda ya sha. A hanyar gida Baba ya ce gudun da yaron ya yi ne ya tuna wa mutumin daji. Ƙanena ya ce da an kaɗa daidai tun farko da ba a kai ga haka ba. Na ce musu don Allah su yi shiru, mutane na kallonmu. Wannan ne karo na farko da suka yi wa juna magana tun rikicin tsirkiya.

Bayan tsohon ya fara takawa da sanda, sai 'yarsa ta zo gidanmu da saƙo. Ta ce babanta yana son a turo masa yaron da jitar. Baba ya fara neman hularsa, sai ta sunkuyar da kai ta ce ƙanena kaɗai ya ce a turo. Ta yi bayani cewa yatsun babanta sun mutu, ba za su sake kaɗawa ba, kuma waƙar tana da sauran rabi da bai taɓa koya wa kowa ba saboda tana buƙatar hannu mai sauri.

Na ga fuskar Baba ta canza. Shekara da shekaru yana zaton waƙar ke nan gaba ɗaya. Ya shiga ɗaki ya daɗe, sannan ya fito da jitar ya jingine ta a bango kusa da ƙanena.

Da ƙanena ya tafi, Baba ya bi bayansa, ni ma na bi Baba don hankalina bai kwanta ba. Bai shiga gidan ba. A dakalin ƙofa ya zauna. Daga ciki muna jin tsohon yana rera amon da baki, yaron yana bi da jita, tsohon yana tsayar da shi yana cewa ya rage gudu, ya numfasa, ba kora aka yi masa ba. Sai kuma ya ce masa nan kam ya saki hannu. Baba ya kasa kunne, leɓensa yana motsi.

Haka suka riƙa yi kullum da hantsi har 'yar ta samu mota cikin rakiyar sojoji ta tafi da babanta wurin 'yan'uwansu. Ƙanena ya samu sabon aiki ya koma Kaduna. Har yau in ya zo gida suna musun, sai dai yanzu a gaban juna suke yi, ba ta bakina ba. Na taɓa tambayar Baba ko rabin nan na biyu ya yi masa daɗi. Ya ce waƙar ta yi, mai kaɗawar ne da saura.