Ranar Da Baffa Ya Ce Ba Zazzaɓi Ba Ne

A daminar bana Baffana, Malam Idi, ya cika shekara takwas da rasuwa. Ƙanin mahaifina ne, malami kuma manomi a ƙauyenmu da ke kusa da Zakirai. Mutane suna tuna shi da daɗin ƙira'a da saurin fushi. Ni da wata magana nake tuna shi, wadda ya yi a zaman makokin ɗansa.

Sani, babban ɗansa, yana zuwa ƙwadago gonakin rani na Watari. A can ya koyi shan tramol, wai don kada ya ji gajiya. Wata rana da hantsi, bayan ya dawo gida aikin damina, ya yanke jiki ya faɗi a gonar gyaɗa. Aka kai shi ƙaramin asibitin garinmu. Ma'aikacin da ke wurin mutumin kirki ne, amma ba a taɓa koya masa yadda ake ceto wanda ƙwaya ta yi wa yawa ba, kuma ba shi da maganin da zai ba shi. Aka nemo mota don a kai shi Kano. Kafin a wuce Gezawa rai ya yi halinsa.

A wurin makoki wani dattijo, don ya rufa mana asiri, ya riƙa gaya wa masu gaisuwa cewa zazzaɓi ne. Baffa ya ɗago kai.

"Alhaji, Allah ya saka da alheri, amma ba zazzaɓi ba ne. Ƙwaya ce. Ɗana ne, ina son abina, ina roƙa masa gafara. Wanda yake da irinsa a gida ya ji da kyau."

Wasu a dangi sun daɗe suna fushi da shi, suna cewa ya tona mu. Amma ba a jima ba mutane suka fara sallama a zaurensa ɗaya bayan ɗaya. Cikinsu har da wani maƙwabci wanda matarsa ta kashe kanta bayan haihuwa, bayan ta yi watanni ba ci, ba magana, kowa na cewa iska ce. Baffa ya yi masa nasiha, ya yi addu'a, sannan ya ce wannan ma ciwo ne, da akwai mai duba irinsa a kusa, da wataƙila an tare shi.

Daga nan ya hana kansa zama. Ya je wurin ɗan majalisarmu, wanda ya karɓe shi da mutunci ya kuma gaya masa gaskiya: abin da ba a sa a kasafin kuɗin jiha ba, babu mai iya kashe masa ko sisi. Baffa ya dawo ya same ni a makarantar da nake koyarwa, ya ce, "Kai ɗan boko, shi kasafin nan a ina ake yinsa? Can za ka kai ni."

Na kai shi Kano, wurin da ake jin ra'ayin jama'a. Da aka miƙa masa lasifika bai roƙi gini ba. Cewa ya yi a horar da ma'aikatan da ake da su a ƙauyuka, a ajiye musu maganin gaggawa, a kuma samar da wanda zai saurari mai ciwon damuwa tun kafin ya yanke ƙauna. Ya sake komawa a shekarar da ta biyo. Ta uku bai kai ba, hawan jini ya kwantar da shi.

Yau a asibitin nan namu akwai ma'aikaciya da ta samu wannan horo, kuma akwai ranar da ake ware wa masu damuwa da masu son rabuwa da ƙwaya. Ban ce Baffa kaɗai ya jawo haka ba, mutane da yawa sun yi magana. Bara na ga wani saurayi da aka kawo a sume ya koma gida da ƙafarsa.

Da Baffa zai ga wannan, na san zai yi hamdala, sannan ya tambayi me ya sa maganin yake yankewa wani lokaci, kuma ƙauyukan da ke bayanmu fa? Zai ce sanya kuɗi a takarda daban, sakinsu daban, a ci gaba da bibiya. Muna bibiya kuwa, mu da yawa yanzu, kuma ba na shakkar za a kai.

Gonakinsa an raba, makarantarsa tana hannun ƙaramin ɗansa. Amma gadon Baffa da ya fi zama a garin yana wurin matarsa, Inna Hajara, wadda a da ko ƙofar gida ba ta cika leƙawa ba. Yanzu mata wurinta suke zuwa da damuwar 'ya'yansu. Kwanan baya ina gidan wata ta shigo tana kuka, tana rantsar da Inna kada kowa ya ji halin da ɗanta yake ciki. Inna ta bari ta gama, ta jawo mayafinta ta ce, "Babu mai ji daga bakina. Amma tashi ki kira shi mu tafi asibiti, ni zan shige gaba."

Allah ya jiƙan Baffa da Sani, ya sa sun huta.