Gumbar Inna

Gidan madugu ya girmi kowa a unguwarmu. Soro ne na ƙasa, da zaure mai sanyi ko a tsakiyar bazara, da tsakar gida mai faɗi wadda wata tsohuwar tsamiya ta rufe rabinta. Jikokin madugun sun daɗe da komawa Maraɗi, gidan ya zauna a yashe har awaki suka mai da shi nasu. Daga baya wata ƙungiya ta zo garinmu Madarunfa ta gyara shi, aka yi masa sabon yaɓe, aka ce daga ranar gidan tarihi ne. Mu dai ba mu daina ce masa gidan madugu ba.

Da aka gama gyara sai aka bi gida-gida ana neman tsofaffin kaya. Wani ya ba da sirdi, wani komar kamun kifi ta kakansa, wata tukunyar ƙasa da mutum zai iya ɓuya a ciki. Sharaɗin da aka yi a gaban liman shi ne kayan nan aro ne. Duk wanda sha'ani ya same shi zai ɗauki abinsa, in ya gama ya mayar. Haka kuwa aka yi ta yi. Tukunyar nan ta fita suna ta dawo da baƙi a gindinta, babu wanda ya ce tarihi ya ɓaci.

Inna, mahaifiyata, ita ta fara bayarwa. Turminta ta ba da, na icen ƙirya, wanda uwarta ta zo da shi daga Safo. Nauyi gare shi, sai dai a mirgina shi. Bakinsa ya cinye ta gefe guda, inda hannun kakata da na Inna suka saba dafawa. Ba ta ji ta rabu da shi ba, domin gidan madugu ya zama wurin zaman unguwa. Da hantsi tsofaffi na zaure suna dara, da la'asar mata na gindin tsamiya suna ɓarar gyaɗa da gulma, suna da ɗaurin aure kuwa duk can aka mai da su, tun da gidajenmu ƙanana ne. Inna kan leƙa ɗakin kayan ta shafa turmin kafin ta zauna.

Makullin gidan yana hannun wani ɗan unguwa, tsohon ɗan kamasho a tasha, mai zaƙin baki da ɗan guntun Faransanci. Yaya nake ce masa, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Tun yana ƙarami uwarsa ta rasu, ubansa kuma duk rani yana Najeriya wajen nema, don haka a tsakar gidanmu ya tashi. Furar da ta rene shi a turmin nan aka daka ta. Ni da idona na sha ganin shi tsugune a gindinsa yana jiran Inna ta gutsuro masa.

Da ciwon ajali ya kama Inna ba ta bar wasiyyar gona ko ta zane ba. Abu ɗaya ta roƙe ni, ta kuma maimaita a gaban Gwaggo, ƙanwar mahaifina: in ta cika, a daka gumbar sadakarta a turminta, kamar yadda ita ta daka ta uwarta a ciki. Na ce mata to. Abu ne mai sauƙi har na ji kunyar yadda ta nace.

Ana gobe sadakar uku na tafi gidan madugu ni da Gwaggo, da mai amalanke a bayanmu. Na daɗe ban shiga ba saboda jinya. Na tarar an zagaye turmin da igiya, an shafe shi ciki da waje da man ƙyallin nan na kafintoci, yana sheƙi kamar goshin ango. Yaya na zaure yana shayi da mutanensa. Na durƙusa na gaishe shi, ya yi mini ta'aziyya karo na biyu, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce ai dokar ta sauya, mutanen ƙungiya sun ce abin da ya shiga bayan igiya ba ya sake fita. Gwaggo ta tuna masa da sharaɗi, ta tuna masa da wasiyya, ta tuna masa da wadda ta goya shi. Ya kurɓi shayinsa ya ce:

"Haba Gwaggo, turmi ai turmi na. Gumba ta san inda anka daka ta?"

Wani daga cikin masu shayin ya yi dariya, sai ya mai da ita tari. Ban yi kuka a gabansu ba. Na tashi na kaɗe zanena. A turmin maƙwabciya muka daka gumbar uku, wani ɗan ƙarami mai tsagewa a gefe, kuma duk taɓaryar da na sauke sai in ji kamar ƙarya nake yi wa Inna. Ranar na tsane shi, tsana ta gaske, irin wadda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci. Na kuma yi wa kaina alkawari cewa gumbar arba'in a turmin Inna za a daka ta, kuma sai ya gane cewa gumba ta san inda aka daka ta.

Ban kai ƙara wurin kowa ba. In mun haɗu a hanya nakan gaishe shi har da tambayar iyali, shi kuma ya ɗauka na huce. Mutum ne da ba ya iya riƙe magana, don haka unguwa duka ta san cewa manyan baƙi na tafe daga Yamai su ga gidan, ta san ranar, ta san har rigar da ya ba tela. A wajenmu kuma sadakar arba'in ba lallai sai ranar da ta cika ba, akan ja ta gaba ko baya kaɗan don 'yan nesa su samu zuwa. Na ce wa dangi ƙanena da ke Gabi ba zai samu dama ba sai ranar kaza. Ranar kaza ɗin ita ce ranar baƙin Yaya. Ƙanena bai ma san yana da uzuri ba sai da na kira shi a waya na sanar da shi.

Daga nan na je wurin liman. Na ce gidanmu ya yi kaɗan, ko za a yi addu'ar Inna a gidan madugu kamar yadda ake yi wa kowa? Ya ce wannan ai ba abin tambaya ba ne, baiwar Allahn nan ta fi kowa zama a gindin tsamiyar. Ban yi masa ƙarya ba, ban kuma gaya masa duka ba. Matan unguwa kuwa ba su buƙaci dogon bayani ba, domin mai tukunyar nan ma an hana ta tukunyarta a sunan jikarta. Gero muka surfa muka wanke muka jiƙa tun jajibiri.

Da safe Yaya ya buɗe gida, ya sa aka yayyafa ruwa aka share, sannan ya hau babur ya tafi bakin kwalta tarbar baƙi. Ƙurar babur ɗinsa ba ta kwanta ba muka shiga. Maza suka shimfiɗa tabarmi a zaure da ƙofar gida, liman ya zauna. Ni na kwance igiyar da hannuna. Mu huɗu muka mirgino turmin zuwa gindin tsamiya. Gwaggo ta zuba dussa aka yi ta kirɓawa don man ƙyallin ya fita, ya riƙa ɓarewa yana tashi kamar ɓawon albasa. Aka wanke, aka sake kirɓa dussa. Duk da haka Gwaggo ta ce dakan fari ba zai ciwu ba, a zubar wa kaji.

Na ce a bar mini shi. Na daka shi ni kaɗai, ban sa sukari ba, ban sa citta ba. Na lasa a bakin yatsa, ɗaci da warin kananzir suka hau mini kai. Na cura shi dunƙule guda babba, na sa a ƙaramar ƙwarya na rufe da faifai, na ajiye gefe. Gwaggo ta dube ni, ta dubi ƙwaryar, ta juya ta ci gaba da tsince gero.

Sannan muka fara dakan gaske. Da taɓarya ta sauka na ji muryar turmin, wannan amo mai zurfi da nake ji daga kan shimfiɗa tun ina yarinya. Kukan da na hana kaina a zaure ya zo duka. Ban ajiye taɓaryar ba, ina daka ina kuka, mata biyu suka shigo muka yi luguden uku. Gumba ta fito fara tas, tana ƙamshin kanumfari.

Cikin haka motar baƙi ta tsaya. An ce tun daga kan kwana Yaya ya ji lugude ya fara zufa. Ya shigo da sabuwar rigarsa ya tarar da zaure cike da mutane hannu a sama, liman na tsakiyar addu'a. Wa zai kora? Baƙin nan 'ya'yan Musulmi ne, suka cire takalma suka nemi gefen tabarma, macen da ke cikinsu ta ja gyalenta ta wuce wajenmu. Ta ƙofar ciki na hango Yaya yana leƙen ɗakin kaya, inda igiyarsa ke kwance a ƙasa. Dole ya zauna ya ɗaga hannu, yana cewa amin ga addu'ar matar da ya hana turminta.

Da aka shafa, aka fara rabon gumba. Na ɗauki ƙaramar ƙwaryata na je bakin zaure na durƙusa, na yi sallama da murya ƙasa-ƙasa irin ta mai makoki. Na ce Inna ɗa ta ɗauki Yaya, don haka dakan fari nasa ne, ni na daka masa da hannuna. Zaure ya ɗauki ma sha Allah. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya fara neman inda zai ajiye.

"A'a Yaya," na ce. "Ka ci in gani, yadda kake ci a gabanta."

Liman ya ce, "Ci mana, Malam. Albarka ta."

Ya gutsura ya kai baki. Na ga lokacin da ɗacin ya same shi: muƙamuƙinsa ya tsaya, idonsa ya kawo ruwa. Ya dube ni, ni ma na dube shi. Ya san man da ke bakinsa, shi ya shafa shi. Ba halin tofarwa, ga liman a dama, ga baƙi a hagu suna cin tasu suna yaba zaƙinta. Wani tsoho ya ga hawayen ya dafa kafaɗarsa yana ba shi haƙuri, yana cewa rashin uwa sai wanda ya ɗanɗana. Yaya ya haɗiye da ƙyar ya ce Allah ya jiƙan Inna. Na ce amin, ban kuwa tashi ba.

Da Inna ce, da ta zaɓar masa wadda ta fi sukari, ta kuma ƙara masa wadda zai kai wa yaransa. Na san haka sarai a lokacin da nake durƙushe. Amma ni ba Inna ba ce, kuma Inna ba ta ji abin da ya faɗa a kan shayi ba. Ina nan a bakin zauren har ya cinye, ya miƙo mini ƙwaryar ba komai a ciki.

Da la'asar mai amalanke ya zo, muka ɗora turmin a gaban kowa. Yaya na tsaye da makullinsa a hannu, yana kallo muka wuce da shi gida.