Tuƙar rake a ƙofar motata

Na danna rimot har yatsana ya gaji, ƙofar baya ta ce ba ta san zancen ba. Ga surukina Baba Alhaji zaune a ciki, ga mutane sun taru a wajen ɗaurin aure a Ikara suna jiran ya fito. Dole dattijon ya tattare babbar riga ya ja jiki ya fita ta ɗaya ƙofar.

A hanyar komawa Kudan muka tsaya Maƙarfi wajen mai wayarin. Ya duba fis, lafiya lau. Ya gwada wayar da ke kai wa makullin wuta, shiru. Da ya samu ya ɓalle murfin ƙofar, sai ga tuƙar rake ta zubo, kiyashi na bin ta. Danshinta ya cinye bakin wayar.

Kun san suruki ba ya cin abu a gaban mijin 'yarsa. Ashe duk tafiyar da muke yi, Baba na bayana yana shan rakensa a ɓoye, yana cusa tuƙar ta ramin gilashi.

Mai wayarin ya ce, "Wa ke zama a kujerar nan?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Yara ne."

Baba ya girgiza kai ya ce, "Yaran yanzu sai addu'a."

Na ce, "Wallahi kuwa, Baba." Ga guntun rake na leƙowa daga aljihunsa.

Jama'a, in ci gaba da rufa wa yaron nan asiri, ko in ajiye masa leda a baya?